Manhajar da Ta Tona Asirin Takwara

Ranar da Kawu ya kawo kwamfutar, Auta ta kumbura kamar za ta fashe. Kawu ƙanin mamarta ne, gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Wata uku tana jiran alkawarinsa. Sai ga shi da wata 'yar ƙarama baƙa, gefenta duk ya koɗe.

Ta kunna. Manhaja uku kacal a ciki: ta rubutu, ta karatu, da ta ɗaukar murya. Kyamarar ma ya liƙe ta da salatif.

"Haba Kawu, wannan ai kango ce! Ina wasanni? Ta 'yan ajinmu har kunnen zomo take sa wa mutum a hoto."

"Kunnen zomon ne zai yi miki aikin gida?" in ji Kawu. "Da gangan na zaɓo miki wadda ba ta da tarkace. Duk manhajar da kika ƙara, baƙo kika shigar ɗakinki. Kada ki sa komai sai kin tambaye ni."

Yana juya baya ta murguɗa baki.

Auta tana da aminiya. Sunansu ɗaya, don haka take ce mata Takwara. Takwara tana da in'ina, ga shi Malama ta zaɓe ta ta karanta labari a taron makaranta ranar Alhamis. Kullum bayan an tashi sai su shige ɗakin Auta. Takwara ta karanta, kwamfuta ta ɗauki muryar, su saurara su gyara.

"Ki yi alkawari ba wanda zai ji," in ji Takwara.

"Daga ni sai ke."

Amma kunnen zomon nan ya tsaya wa Auta a rai. Ranar Lahadi ta nemo manhajar a intanet. Sai wani dogon rubutu ya fito, ƙanana-ƙanana. Yana neman izinin kwasar abin da ke cikin kwamfutar, a nuna wa abokai. Auta sarkin gaggawa ko layi ɗaya ba ta karanta ba. Ta latsa "Na yarda". Ta ɓare salatif, ta yini tana dariya da kunnuwanta.

Washegari tun daga ƙofar aji ta ji ana ƙyaƙyata dariya.

"La-la-labarin wa-wani ma-manomi!" wani yaro yake kwaikwayo, yana buga tebur.

Ashe manhajar ta kwashe duk muryoyin, ta zuba su a shafin 'yan aji.

Takwara ta taso, idonta jawur.

"A-amana na ba ki! Ba zan karanta ba. Kuma ka-kada ki sake yi mini magana!"

Ana tashi Auta ta wuce shagon Kawu. Ta dire kwamfutar a kan tebur.

"Wannan muguwar ta raba ni da ƙawata!"

Kawu ya duba. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ke, rufe mini baki! Ita ta latsa 'Na yarda' ko ke? Sun tambaye ki, kin buɗe musu ƙofa da hannunki. Kuma asirin ma ba naki ba ne, na 'yar mutane ne!"

Auta ta fashe da kuka. Haushin da take ji duk ya dawo kanta.

Kawu ya cire manhajar, ya goge muryoyin daga shafin.

"Iyakar nawa ke nan," ya ce. "Wanda ya riga ya ji, ba ni da maɓallin goge kunnensa. Sauran gyaran naki ne."

Da safe Auta ta nemi izinin Malama, ta tsaya gaban aji.

"Ni na jawo. Kullum Takwara tana ƙoƙari, ni kuwa layi ɗaya ya gagare ni karantawa. In dariya za ku yi, ku yi mini."

Malama ta yi wa masu kwaikwayo tatas, har suka ba da haƙuri. Takwara dai ko kallon Auta ba ta yi ba. Kwana biyu Auta tana cin abincin hutun tara ita kaɗai.

Ranar Alhamis aka kira sunan Takwara. Sai ga ta ta miƙe. Sau biyu harshenta ya sarƙe, amma ta daure har ƙarshe. Tafi ya cika ɗakin taro.

Da ta sauko, wurin Auta ta nufa.

"Na yafe. A-amma daga yau duk tambayar da kwamfutarki ta yi, ni zan karanta miki. Ko da zan kai yamma!"

Suka rungume juna suna dariya.

Tun daga ranar Auta ta bar kwamfutarta da manhajojinta uku. Ta gane cewa abin da ba ka buƙata, kada ka sa shi. Kuma kada ka ce ka yarda sai ka karanta.