Jan Fure a Teburin Lahadi

Lemo ɗaya ya zara, guda ɗaya tak, amma daga ƙasa.

Enyonam tana ƙarshen falo tana ninke adikan goge baki sai ta ji rugugi. Ko da ta waiwayo, dalar lemo da abarba da ta shafe awa biyu tana ginawa a tsakiyar teburin sabuwar shekara ta watse, lemo sai gangarawa yake ƙarƙashin kujeru. Ga wani dogon saurayi tsaye da lemo a hannu, baki buɗe.

"Bawan Allah, me na yi maka?" ta ce a hankali, don takaici ya hana ta ɗaga murya.

"Na rantse na ɗauka na ci ne."

"Na ci ne mana. Amma ko tuwo ai ba daga gindin kwano ake fara shi ba."

Saura minti arba'in baƙi su iso, uwar gidan da ta ɗauko Enyonam aikin kuma tana wanka. Saurayin ya durƙusa cikin fararen kayansa ya shiga rarrafe yana tsinto lemo. Yana miƙo mata tana jerawa, tana harararsa yana ba da haƙuri, har dalar ta sake miƙewa. Sunansa Delali, abokin ɗan gidan ne, a tashar jiragen ruwa yake aiki.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarta.

"Ɓarawon lemo ne. Na karɓi lambarki wajen uwar gida, na ce mata ina da biki. Ban yi ƙarya ba, rana ce dai ban sa ba, kuma ban tambayi amaryar ba tukuna."

Ta yi murmushin da ba ta shirya ba, ta rubuta: "Ka fara koyon tsayawa kusa da teburi."

Shi ke nan fa, abu ya kama. Matan Lome kuwa ba sa wasa da teburi, in mace ta gayyaci baƙi, kafin a yabi miyarta sai an gama ƙare wa tsakiyar teburinta kallo. Kowane lokaci da tasa kwalliya, kuma Enyonam ta san su kamar yunwar cikinta. A bikin Ista ta zo da fararen furanni da ganyen kwakwa, Delali ne mai ɗaukar kwando. Da damina ta sauka ta koma jera ɗanyar masara da ƙananan ƙore, shi ne mai riƙe lema. Yana kiranta Lemona, ita kuwa ba ta taɓa canja masa suna daga Ɓarawo ba.

Matsalar ɗaya ce, mahaifiyarsa.

Sunanta Da Ayoko, tsohuwar dillaliyar atamfa, shugabar mata a cocinsu, shekara shida ke nan da rasuwar mijinta Foli, kuma Delali ne kaɗai ɗanta. Da ya kai mata maganar, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mai jera cokali? Yanzu wannan ma sana'a ce?"

Ita Akofa ta zaɓa masa, 'yar ƙawarta mai aiki a kantin magani. Akofar nan ta taɓa haɗuwa da Enyonam a wani biki, ta san ta sarai, amma ta miƙo mata farantin da ta gama ci ta ce, "Don Allah 'yan mata, a ɗauke mini wannan." Enyonam ta karɓa, ta kai kicin, ta yi kukanta a can ta wanke fuska.

Wata goma Delali yana lallashi kafin tsohuwar ta sassauta. Ta ce za ta je cin abincin rana gidan su yarinyar, sau ɗaya.

"Abin da idona ya gani ranar, shi ke nan. Kada ka sake tayar mini da zancen."

Aka sa ranar Lahadi, washegarin Tusen, ranar da Kirista ke ziyarar mamatansu.

Ranar Tusen duk Lome maƙabarta take kwarara, a shafe kaburbura da farar ƙasa, a kunna kyandir, a ajiye fure. Enyonam ta san fure zai yi wuya, shi ya sa tun mako guda ta aika a kawo mata daga garin Kpalime. Sai ga shi da safiyar Lahadi direban ya kira, wai motar ta mutu a hanya. Ta zaga kasuwa kaf, ko ganye mai kyan gani ba ta samu ba. Ta dawo gida ta tsaya gaban teburin da ta shimfiɗa wa farin leshi, tsakiyarsa wayam.

"Ɓarawo, na shiga uku. Babu fure," ta rubuta masa.

"Lemona, kwantar da hankalinki. Ba ni awa ɗaya."

Bai cika awar ba ya iso da dami guda na jan fure irin wanda ake kira furen tangaran, manya, masu sheƙi kamar an shafa musu mai. An ɗaure gindinsu da wani shuɗin ƙyallen atamfa mai zanen ƙananan tsuntsaye, irin ta da, wadda ba a samunta a kasuwa yanzu.

Enyonam ta dube shi da kyau. Ko yaro a garin nan ya san ba a sayen fure a bakin titi washegarin Tusen, don sau da yawa daga kan kaburbura ake kwaso shi.

"Ina ka samo?"

"Lambun wani abokina ne," ya ce da sauri, ya juya don ya je ɗauko mahaifiyarsa.

Ta yarda, don tana so ta yarda. Ƙyallen ma ya burge ta har ta bar shi a bayyane cikin kaskon gilashi, ta canja adikai ta sa shuɗaye don su dace da shi. Gaskiya teburin ya yi kyau. Mahaifinta Papa Agbeko, tsohon malamin makaranta da ba ya yabon komai, sai da ya tsaya ya gyaɗa kai.

Ƙarfe ɗaya Da Ayoko ta shigo cikin shiga ta alfarma. Aka ba ta ruwan maraba ta kurɓa, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar Enyonam ta fito da sakwara da miyar kaza, da soyayyen kifi, ƙamshi ya cika falo. Tsohuwar ta zauna, ta miƙa hannu za ta wanke, sai hannun ya tsaya a sama.

Ta daɗe tana kallon tsakiyar teburin.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Enyonam ta ɗauka yabo ne ke tafe. Ta rusuna ta ce, "Haka ya zo, Mama. Na ga ƙyallen ya yi kyau, shi ya sa na bar shi."

Da Ayoko ta miƙe. Ta sa yatsa cikin ruwan ta taɓa ƙullin, ta juya shi, ta sake juya shi. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Zanen aurena ne. Kowace shekara nakan yagi kaɗan. Furen kuma a bayan ɗakina yake, mijina ya dasa shi. Jiya da hannuna na ɗora wannan a kan kabarinsa."

Ludayi ya suɓuce daga hannun mahaifiyar Enyonam ya faɗa cikin miya. Babu wanda ya motsa.

"Enyonam," in ji Papa Agbeko, "ina kika samo furen nan?"

Ta dubi Delali. Gogan naka ya kafa wa farantinsa ido, zufa na bin wuyansa, leɓensa na motsi amma babu abin da ya fito. Ta jira shi. Ta ƙara jira.

"Ni na sa shi a teburin, Papa," ta ce.

"Kun kira ni in ci sakwara a gaban kayan kabarin mijina," in ji Da Ayoko. Ta ɗauki jakarta. "Idona ya gani. Delali, mayar da ni gida."

Suka fita, sakwara na huci babu wanda ya taɓa. Papa Agbeko ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, mutumin da ya yi shekara talatin yana koya wa 'ya'yan mutane ladabi, yau an ce gidansa na cin abinci da kayan matattu. Mahaifiyarta ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

Can saƙo ya shigo.

"Lemona, ki yafe mini. Babu wani lambun aboki, wani mutum ne da bokiti a bakin titi. Na san in na faɗa miki ba za ki karɓa ba. Harshena ne ya ɗaure. Zan gaya mata idan ta huce."

Enyonam ta karanta sau biyu. Haushi ya cika ta, ga shi kuma son nasa bai ragu ko kaɗan ba, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

"Ka zo ƙofar gidanmu ƙarfe huɗu. Ba hira za mu yi ba."

Ya same ta tsaye da damin furen a rungume, ta yafa baƙin gyale.

"Kai ni kabarin babanka."

Ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwan zafi. "Lemona, ki bari gobe."

"Furen nan ba zai kwana a gidanmu ba."

"Ban... ban san wajen sosai ba."

"Kabarin mahaifinka ne ba ka sani ba?"

Ya jingina da mota ya rufe fuska. A nan ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa ba. Lokacin da tsohon ke jinya shi yana aiki a Kwatano, sau uku ya kira shi ya ce zo in gan ka, sau uku yana cewa gobe. Ranar jana'iza ya iso. Tun daga ranar bai ƙara iya taka ƙofar maƙabartar ba, duk Tusen sai ya ƙirƙiro aiki.

Enyonam ta yi tsaye tana kallonsa. Wata goma suna tare, ashe da wannan dutsen yake yawo a ƙirji. Tausayi ya kama ta har ta ji ƙwalla, amma ba ta sassauta murya ba.

"Ni dai ban san hanya ba. In ba za ka kai ni ba, ka ajiye maganar aure a nan ƙofar, na yafe."

Ya buɗe mata mota.

A ƙofar maƙabarta ya toge. Ta ɗora masa damin a hannu ta ce, "Kai ka sayo, kai za ka mayar." Ta kama gefen rigarsa. Suka bi ta tsakanin fararen kaburbura da guntayen kyandir na jiya, yana tafe yana tsayawa, har ya tuna akwai bishiyar dogon yaro a kusa.

A ƙarƙashin bishiyar wata mata na zaune a bakin kabari, hannu wayam, tana magana ita kaɗai. Da Ayoko ce, ta zo kai wa mijinta ƙara.

Ta ɗago. Ta ga furen, sannan ta ga wanda ke riƙe da shi. Ta miƙe a hankali tana dafa kabarin, bakinta a buɗe.

Delali ya zube a gwiwa. "Mama, ni ne. Ni na saya a bakin titi, na yi mata ƙarya. Ba ta san komai ba."

Kamar ba ta ji ba. "Wa ya kawo ka nan?"

"Ita."

"Shekara shida," ta ce. "Na roƙe ka, na yi kuka, na haɗa ka da fadan coci, na haɗa ka da kawunnanka." Ta juya wajen Enyonam, wadda ta tsaya nesa, kai a sunkuye. "Ke, kin san shi ya kawo. Me ya hana ki faɗa?"

"A gaban iyayena ne, Mama. Da na faɗa, Papa ba zai ƙara bari ya taka gidanmu ba."

Tsohuwar ta juya wajen Delali. Sai ta kai hannu ta dungure wa ɗanta ƙeya. "Shashasha kawai. Ka zauna kana zufa, 'yar mutane na ɗaukar maka kaya." Shi kuwa ya kifa goshi a kan kabarin yana kuka kamar yau aka yi rasuwar, ta bar shi ya yi.

"Zo nan," ta ce wa Enyonam. "Gyara masa su. Ai ke ce mai sana'ar."

Enyonam ta durƙusa ta jera furen ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, Da Ayoko ta dafa kafaɗarta, ta sunkuya wajen kabarin.

"Foli, ga ɗanka ya zo. Ga kuma wadda ta kawo shi."

Mako biyu bayan nan Da Ayoko da kanta ta jagoranci kawunnan Delali, da kwalaben abin sha na gaisuwa, zuwa ƙwanƙwasa ƙofar Papa Agbeko neman aure. Sai da ta sa ɗan nata ya durƙusa ya maimaita laifinsa a gaban kowa. Malamin ya wanke shi tas na kusan rabin awa, sannan ya ce a shigo da kwalaben.

Bayan Ista aka ɗaura aure. Amarya ta so ta leƙa tebura da safe, surukarta ta tsare ƙofa ta ce yau dai wasu su jera. Da aka fito daga coci, Da Ayoko ta haɗa hannayensu cikin nata, ta daɗe ba ta saki ba.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya sa ku tsufa tare." Ta share ido da gefen gyale, ta matso kunnen amarya. "Ke kuma 'yata, duk ranar da ya ce miki gobe, ki kama rigarsa ki ce masa yau."