Ƙwaryar Kalar Ɗelu

Maryama na tankaɗe a tsakar gida mahaifiyarta Ɗelu ta shigo hannu biyu, ko sallamar kirki babu.

"Inna, ina ƙwaryar? Ba kalar gyaɗa kika tahi ba?"

"Ta ɓace," in ji Ɗelu, ta shige ɗaki.

Tun rasuwar mijinta, da kala Ɗelu ke samun man miya. A Madarumfa in an cire gyaɗa, abin da ya maƙale a ƙasa na tsofaffi ne da marasa gona, ba a taɓa neman izini ba. Bana ne abin ya canza, kuma daga gidan su Umar ya faro, saurayin Maryama, wanda saura wata biyu a ɗaura masu aure.

Yayansa Ɗanlami, ɗan kasuwar Ɗan Issa, shi ke riƙe da gonar gado, shi kuma zai biya sadaki. Kwana uku ya yi a wani taron koyon kasuwanci a Maraɗi, ya dawo da takardar shaida da sabon baki.

"A formasiyo, taron nan da na je, an ce gona kamfani ce! Harawa kuɗɗi, ɓawo kuɗɗi, kala ma kuɗɗi. Na saida ta ga masu ƙuli. Ka tsare min gonag ga, Umar, in kana son amarya."

Umar kuwa ya tsare. Da hantsin ranar ya hango wata mata duƙe tana tono da guntun ƙarfe. Tana ganinsa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya baya. Kunyar suruki ce, yaro ma ya san wannan. Amma Umar ya sha huɗubar yayansa har ta fito masa ta hanci, ɓarauniya kawai ya gani.

"Rufe fuska ba ya fisshe ki! Aje ƙwaryar nan ki tahi!"

Ta aje ta tafi. Ina za ta buɗe baki gaban mai neman ɗiyarta?

Bayan la'asar Umar ya zo zance bisa babur, ƙamshin turare har maƙwabta. Ya miƙo ƙwarya cike da gyaɗa yana murmushi.

"Kado na kawo miki, ƴar kyauta. Wata na kama tana kwasar mana."

Maryama ta dubi ƙwaryar. Ga ɗinkin jan zare a bakinta, wanda ita da kanta ta yi.

"Umar, ƙwaryar Inna ce!"

"Wallahi ban sani ba! Ta rufe fuska, Maryama, da na san ita ce—"

"Da mi? Da ka bar ta saboda uwata ce? To da uwar wata ce hwa, daidai ka yi kenan?"

Ta kwashe gyaɗar ta zuba masa a aljihun riga har tana zubewa ƙasa, ta shige da ƙwaryarta tana kuka.

Ɗelu ta ce ta yafe, ta roƙi a rufe maganar. Maryama ta ce ita ba za ta shiga gidan da ake sa wa tausayi farashi ba. Ɗanlami da ya ji, dariya ya yi, ya ce a ba tsohuwar tiya biyu a wuce wurin, ai ribarta ce.

Wannan dariyar ce ta farkar da Umar. Ya nemi a yanka masa kasonsa na gona, yayan ya yanka masa mai tsakuwa, ya janye sadaki, ya daina amsa gaisuwarsa. Damina biyu Umar na noma, da rani yana ɗaukar kaya a bakin tafkin garin. Maryama ta kori manema masu mota har uku, ƙawaye suna ce mata sakarai. Da ya cire gyaɗarsa ta farko, gida-gida ya bi yana gaya wa tsofaffi su je su yi kala.

A kaka ta biyu aka ɗaura auren, babu kiɗa, babu Ɗanlami. Haƙuri ya biya su, sai dai garin bai koma yadda yake ba, don maƙwabtan gona duk sun ga ribar Ɗanlami sun bi sahu. Ku matasa ku ji: duk wanda ya maida komai haja, wata rana mutuncin nasa zai sa a faifai bai sani ba.

Ɗelu kam har ta bar duniya ba ta sake duƙawa a gonar kowa ba, har da ta surukinta.