Tsohuwar da ke Cikin Kwamfiresa

Ganiyu ya gama aikin ne ana dab da kiran magariba, a ƙofar gidansa da ke Fagge. Direban akori-kura ne, mai jigilar buhunan shinkafa da sukari daga Kasuwar Singa zuwa ƙauyuka. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san baƙin cikin taya ta sace a dokar daji, mota cike da kaya, babu mai faci ko daga nesa. Abin ya ishi Ganiyu, shi ya sa ya ƙudura sai ya yi wa motarsa famfon iska nata na kanta.

Wurin Onyekachi, mai sayar da tsofaffin kayan mota a Sabon Gari, ya sayi kwamfiresar esi, ƙarfen nan da ke matsa gas ya sanyaya cikin mota. Onyekachi ya ce daga wata mota ya kwance ta, wadda ta yi shekaru a yashe a bayan tashar jirgi. Ganiyu ya ɗaure ta a jikin inji, ya sa mata bel, ya ɗiga mata mai. Saura ya buɗe bakunanta biyu da ke toshe: ɗaya ya sa masa matata ya riƙa shan iskar waje, ɗayan ya jona masa tiyo zuwa wata tsohuwar tukunyar kashe gobara da ya maƙala a ƙarƙashin mota, inda iskar za ta taru.

Kowa ya san abin da ya daɗe a rufe ba a buɗe shi da magariba. In ta kama dole, sai a yi bisimilla, a ɗan dakata. Ganiyu ma ya sani sarai. Gajiya ce kawai ta sa ya kafa sifana ya murɗa, bakinsa a rufe.

Wani huci mai sanyi ya fito, alhali gas ɗin ciki ya daɗe da ƙarewa. 'Yarsa Rofiat, budurwa mai koyon ɗinki, tana tsaye a kansa da butar alwala. Ta yi tari sau ɗaya, ta ajiye butar ta shige gida. Shi kuwa ya tada mota, ya danna makunni, tukunya ta cika, tiyo ya hura taya tam. Ya yi murna ƙwarai, don rabonsa da wani abu ya yi masa daidai an jima.

Washegari da safe ya tarar tayoyin motar duk sun kwanta. Ya hura, ya duba, babu ƙusa babu huda. Haka gobe, haka jibi. Sai kuma jifa ta fara. Da rana ta faɗi, tsakuwa ta soma sauka a kan kwanon gidan, ɗai-ɗai, ba gaggawa, kamar mai jifar ma ba da son ransa yake yi ba. An leƙa lungu, an hau katanga, ba a ga kowa ba.

Rofiat kuwa sanyi take ji. Tsakiyar bazara ce, mutanen Kano suna kwana a tsakar gida, ita tana ƙudundune cikin bargo haƙoranta na haɗuwa. Ta daina zuwa ɗinki, ta daina cin abinci. Numfashinta ya sauya, ta ja da ƙarfi, ta riƙe, ta sake shi da wani dogon tsaki. Ganiyu ya san wannan sautin, kullum yana jin sa a ƙarƙashin motarsa, amma ya ƙi faɗa. An kai ta asibiti an auna, an ce ba a ga komai ba.

Wata yamma uwarta Kafayat ta kai mata shayi. Yarinyar ta ɗago, ta dube ta da idon da bai san ta ba, ta ce da muryar tsohuwa, "Ku kashe injin nan. Kaina zai tsage."

Kafayat ta fito a hankali da kofin a hannunta. Ta ce, "Baban Rofiat, ba 'yata ba ce a ɗakin nan. Ka kira Baba Goni."

Malam Goni dattijo ne, mutumin Borno, ya fi Ganiyu daɗewa a unguwar. Ba ya karɓar zakara, ba ya ƙona turare, karatu kawai yake yi. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma, Kafayat ta riƙe kafaɗun 'yarta. Ya yi ta karatu har inuwa ta cika tsakar gidan. Tsakuwa ta fara sauka, bai ɗaga kai ba. Can jikin Rofiat ya sandare, sanyi ya cika ɗakin har Ganiyu ya ji shi a gwiwoyinsa.

Muryar ta ce, "Ya isa, Malam. Ba faɗa na zo yi ba. Ba ni da ƙarfinsa."

Goni ya ce, "Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai. Ita ce a kusa."

"To me ya kawo ki?"

"Tambayi ubanta. Ina cikin ɗakina a rufe, shiru, sanyi. Ya ɓalle ƙofofin biyu ba sallama. Ya sa ɗaya tana zuƙo min zafin titi da hayaƙi, ɗayar tana tura ni cikin tiyo. Da ya ce bisimilla da na kauce, ko da raina bai so ba."

Ganiyu ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi a gaban mutum ba.

Goni ya ce, "Ya yi kuskure. Amma zaluncin da kike yi ya fi nasa. Ki fita."

"In je ina?" Muryar ta yi ƙasa. "Da a rijiya nake, aka cike ta aka yi shago. Na koma wani kango, aka rushe aka yi otal. Na sami ƙarfen nan, na ce ko bil'adama sun manta da shi. Na tsufa, Malam. Ba jini nake so ba, ba turare ba. Wurin kwanciya nake nema."

Goni ya juyo. "Ganiyu, ni ba na yi wa aljani yanka, ba na yi masa kyauta. Amma mayar wa mai abu abinsa ba kyauta ba ce. Za ka iya rabuwa da ƙarfen?"

Ganiyu ya tuna ranakun da ya ɓata a ƙarƙashin mota, da dajin da zai sake tsayawa a ciki. Ya dubi ƙafafun 'yarsa, sun rame sun yi fari. Ya ce, "Zan iya, Baba."

Muryar ta ce, "Ka toshe bakunan, ka mayar inda aka ɗauko. Zan fita yanzu a kan maganarka. In ranar gobe ta faɗi ban sami ɗaki ba, ƙirjin nan kaɗai na sani."

Goni ya ɗora karatu. Rofiat ta saki wani dogon numfashi, ta sulale jikin uwarta. Jim kaɗan gumi ya tsattsafo mata a goshi, ta buɗe ido ta ce, "Iya, wa ya lulluɓa min bargo cikin zafin nan?"

Washegari Ganiyu bai je Singa ba. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya cire bel, ya zare tiyo, ya kwance kwamfiresar, ya goge ta, ya toshe bakunanta da noti da roba. Ya sa ta a buhu ya nufi Sabon Gari. Onyekachi ba ya shago, sai bayan la'asar ya dawo. Ya ji bayani bai yi dariya ba, ya rufe shago ya raka shi bayan tashar jirgi.

Babu motar. Sai shatin inda ta zauna, da ciyawa da ta yi fari, da ɓurɓushin gilashi. Wani mai gadi ya ce masu gwangwan sun yanka ta tun makon jiya.

Onyekachi ya ce, "Oga Ganiyu, ajiye a nan mana. Ai wurin ne."

Ganiyu ya duba filin. Ƙasar na ƙuna har ta cikin takalmi, kuma ya san kafin gari ya waye wani zai tsince ƙarfen ya kai sikeli, a fasa shi da guduma. Rana ta yi ja ta sauko kan rufin tashar. Ya daɗe a tsaye da buhun a hannu. Bai ji tsoro ba, tausayi ya ji, da gajiya mai yawa. Ya juya ya kamo hanyar Fagge da sauri.

Ya shiga gida ladan na gyaran murya. A kusurwar tsakar gida akwai randa a kan yashi mai laima, inda rana ba ta kaiwa. Ya durƙusa, ya tona yashin a bayanta, ya kwantar da ƙarfen, ya rufe.

Kafayat ta tsaya a kansa. "Baban Rofiat, a cikin gidana?"

"An yanka motar," in ji shi.

"Baba Goni ya sani?"

"Zan gaya masa bayan salla."

Aka kira magariba. Su biyun suka tsaya suna sauraron kwano. Babu tsakuwa. Daga ɗaki sai ƙarar cokali, Rofiat na kankare ƙanzon tukunya.

Kafayat ta daɗe tana kallon yashin. Sannan ta ɗauko tsohon faifai ta kife a wurin, don kada wani ya taka.