Ciyawar da Ba a Sa wa Lauje

Rana ta yi ja, Gwadabe yana zuba wa goɗiyarsa dusa a turke, sai ga dutse ya faɗo cikin kwaryar. Ya ɗaga kai, babu kowa. Na biyu ya sauka a kan jinka. Goɗiyar, da cikinta wata tara, ta ja baya ta ƙi taɓa dusar.

Gwadabe kiwon dawakai ya gada, da fadama a bayan Tsiga, da taurin kan da shi kam ba gado ba ne. A daminar 1964 ya ga yadda ake raba filin kiwo gida uku da shingen ƙaya, dawakai su ci ɗaya, biyu su huta. Dabara ce mai kyau. Sai dai ubansa, marigayi Mudi, yakan bar kusurwar gabas, ba lauje ba kofato, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. Gwadabe ya ga ɓarna ce. Ya yanke ta tas, dawakai suka cinye.

Kwana tara ana jifa, kullum gab da magariba. Ya sauya turke, ya yi hayaƙi, ya zagi maƙwabtan da ba su ji ba ba su gani ba. Haushi kamar ya kashe shi. Ran na goma 'yarsa Sabuwa tana tankaɗe ta miƙe, ta yi haniniya, ta faɗi.

Marka, uwarta, ta sa aka ɗauko Malam Abdussamad daga Maska. Ya zauna a kan Sabuwa yana karatu, gidan ya yi tsit. Can aka ji muryar tsoho daga bakin yarinyar.

"Shekara arba'in ni da Mudi ba mu saɓa ba. Ina ciyawar dokina?"

"A ba ka harawa dami ashirin," in ji Malam.

"Ba ya cin abin da ƙarfe ya taɓa. Shekaranjiya ya mutu da yunwa. Da ƙafa zan tafi? A ba ni goɗiyar, ko in zauna a nan."

Malam ya juya ya dubi Gwadabe. Gwadabe ya dubi turke. Goɗiyar nan ita ce uwar garkensa.

"Malam," ya ce a hankali, "ko za a bari ta haihu tukuna?"

Marka ta tashi ta kwance igiyar da hannunta. Goɗiyar ta fita da gudu ta nufi fadama, ba a ƙara ganin ko sawunta ba.

Sabuwa ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido. Gwadabe ya matso da moɗar ruwa. Ta kau da kai.

"Inna, ki ba ni da kanki," ta ce. "Baba, duk ina ji."