Ƙafa Huɗu

"Kowa ya kwanta! Kwanta na ce, don ubanka!"

Muryar Sanƙo ce ta fito daga shagon gwal ɗin, ta tsallako titi, ta iske Tela a bayan sitiyari. Rana tsaka, inji a kunne. A ƙasan kujerar baya akwai takalmin 'yarsa ƙafa ɗaya, tun jiya ake nemansa a gida.

Tela ba ɗan fashi ba ne, bakinsa ne ya kawo shi nan. Tun da ya sayi 'yar motar nan ta hannu, mai tsayi kamar jif amma cikinta na ƙaramar mota, unguwa ba ta huta ba. Ka kai masa ɗinkin aljihu, sai ka sha labarinta kafin ya auna ka.

"Duk ƙafafunta huɗu ja suke yi! Taɓo, yashi, tudu, ba ruwanta!"

Har sunan ya bi shi, yara na tsokanar sa da Ƙafa Huɗu, shi kuwa sai washe baki. Abin da bai gaya wa kowa ba, ko matarsa, shi ne tun daminar bara motar ta fara wani gurnani a ƙasa. Bakanike ya ce farfela ce, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Gyaran ya fi ƙarfin Tela, sai aka kwance ta aka jingine a gareji. Tun daga ranar ƙafar gaba kawai ke ja, ta baya rakiya take yi. Amma bakin Tela bai rage ko taya ɗaya ba.

Jiya da yamma Auta, ƙanin matarsa, ya shigo shagon ɗinki da wasu mutum biyu. Ɗaya katon mutum mai kai kamar an shafa mai, shi ne Sanƙo. Ɗayan siriri, bai ce uffan ba, Shiru suke ce masa. Auta ya kasa haɗa ido da Tela.

Sanƙo ya zauna a kan teburin yanka, ya ɗaga riga kaɗan, Tela ya ga bindiga.

"Kai ne Ƙafa Huɗu? Harka ce ta taso. Gada akwai shingen 'yan sanda, ba za mu bi ta nan ba. Ta kogi za mu sauka, mu ratsa yashi, mu hau ɗaya gaɓar. Motarsu ba ta iya biyo mu. Taka za ta iya, ko ba haka kake faɗa ba?"

Tela ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, wallahi ya buɗe.

"Ka ga," in ji Sanƙo, "yanzu ka ga fuskata. Mutumin da ya ga fuskata, ko dai yana da amfani, ko kuma ba shi da shi. Me za ka ce?"

"Za ta iya," in ji Tela.

"Madalla. Yarona Dogo zai wuni a gidanka, ya taya madam da yarinya zama. Muna hayewa zan yi masa filashin da wayata, ya tashi ya bar maka gida. In labarin an kama mu ya riga kirana isa wurinsa..." Ya ɗauki almakashin Tela, ya datse zaren da ke rataye a keke. "Ka gane ai."

Yau da sassafe Tela ya ce zai duba mai da birki, Sanƙo ya haɗa shi da Auta. Suna isa gareji ya ja bakanike gefe.

"Farfelata. Mayar min da ita yanzu-yanzu, ko nawa ne."

Bakanike ya sosa ƙeya. "Wace farfela? Haba Tela, ai ta daɗe. Na ga ba ka waiwaye ta ba, 'yan gwangwani suka zo, na haɗa musu da ita."

Tela ya dafa mota. Da ya juya, Auta na tsaye a bayansa, ya ji komai.

"Yaya..." in ji Auta. "Yaya, ka kashe mu."

"Ni na kashe mu? Wa ya kawo min su shago?"

"Ni na san ƙarya kake yi? Kullum huɗu, kullum huɗu!" Ya riƙe kai da hannu biyu. Can ya tsuguna, ya fara rage iskar tayoyin gaba. "In taya ta yi laushi ta fi kama yashi. Ka shiga da gudu, kar ka ɗaga ƙafa, kar ka taɓa birki. Sauran kuma sai addu'a. Yayata ce a gidan nan, ni ma ban yi barci ba."

Tau! Tau!

Harbi biyu daga cikin shago ya dawo da Tela hayyacinsa. Titi ya hargitse, mai lemo ya watsar da tire, wata mata ta suri ɗanta ta faɗa kwata. A ciki mai shagon na kwance rub da ciki, yana kallon gilashin da ya yi shekaru yana gogewa ya zama tsaki, amma yatsan ƙafarsa ya riga ya danna ƙararrawar da ke ƙarƙashin kanta.

Suka fito a guje. Sanƙo ya faɗa gaba, Auta a bayansa, Shiru a bayan Tela rungume da jaka.

"Ja! Ja mota!"

Tela ya taka totur. Motar ta zabura, ta kwashe teburin mai jarida, ta shiga kwana.

Ƙit! Ƙit! Ƙit!

"Mene ne wannan kuma?"

"Bel ɗin kujera ne, Oga. In ba ka ɗaura ba, ba za ta yi shiru ba."

"Bel ɗin uwarka! Tuƙa!"

Haka ta ci gaba da kuka, bel ɗin na lilo a jikin ƙofa. Kafin su fita daga kasuwa jiniya ta tashi a bayansu. Tela ya duba madubi, ya ga motar 'yan sanda, buɗaɗɗiya, cike da hula da bakin bindiga. Sajan ɗin da ke gaba ya ga inda suka nufa, ya ja tsaki, ya ce wa direbansa, "Kogi za su. Taka, in suka haye sun tafi ke nan!"

Kwalta ta ƙare. Hanya ta zama ta masu ɗiban yashi, rami a kan rami. Motar na tsalle, kan Sanƙo na dukan rufi. Tela kuwa ba hanyar yake gani ba, falonsa yake gani. Dogo a kan kujerarsa, waya a cinya. Matarsa a takure a bango. 'Yarsa, wadda yake kira Hajiya Ƙarama saboda yadda take hakimcewa a kujerar baya, tana tambayar baƙon ko zai sha ruwa.

"Ya Allah," ya ce a ransa, "yau kaɗai. Ka ara mata ƙafa biyu yau kaɗai, ba zan ƙara buɗe bakina ba."

Ga gangara. Ga yashi shimfiɗe, ruwa siriri na ratsa tsakiyarsa.

"Kar ka ɗaga ƙafa, Yaya!" in ji Auta.

Suka afka. Motar ta yi lilo, ta kama, ta ci gaba. Ruwa ya fantsama har gilashi. Sun wuce rabi! Sanƙo ya daki gaban mota yana dariya.

"Shegiya! Ashe da gaske kake!"

A baya motar 'yan sanda ta ci birki a bakin gangara, suka dira suka biyo da ƙafa. Tela ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Saura tudun gaɓa kawai, ga shi nan, ko jifa ka yi za ka same shi.

Hancin motar ya ɗaga sama. Nauyi ya koma baya. Tayoyin gaba suka yi sakayau, suka fara tono.

Wuuuu! Yashi na tashi, mota ba ta motsi.

"Mene ne?"

"Yanzu za ta kama, Oga, yanzu..."

Ya sa ribas, ya dawo giyar gaba. Ta ƙara nutsewa har ciki ya taɓa ƙasa.

"Ku fita ku tura!"

Auta ya ja marfin ƙofa. Bai buɗu ba. Shiru ya ja nasa, haka. Sai Tela ya tuna. Makullin yara ne, shi da kansa ya sa don Hajiya Ƙarama mai son wasa da ƙofa. Daga ciki ba a buɗe ƙofofin baya.

Sanƙo ya leƙa ta taga zai zage su, sai idonsa ya sauka a kan tayar baya. Ta gaba na juyi kamar za ta kama da wuta, ta baya na tsaye ƙiƙam, ko yashin da ke kanta bai zube ba. Ya dawo da kansa ciki a hankali.

"Ta baya ba ta juyawa."

"Oga, ka tsaya in yi maka bayani..."

"Biyu ce." Bakin bindiga ya taɓa kunnen Tela. "Ƙafa biyu ka kawo ni kogi da ita. To ka ji, daga kai har na gidan..."

Bai ƙarasa ba. Auta ya fizgo bel ɗin nan da ke lilo, ya zarga masa a wuya ta baya, ya tokare gwiwa a kujera, ya ja da duk ƙarfinsa. Tau! Harsashi ya fasa rufi. Sanƙo na shure-shure, idanu sun firfito.

"Shiru! Kama hannunsa!" in ji Auta.

Shiru ya dubi jakar da ke cinyarsa, ya dubi 'yan sandan da suka shigo ruwa. Ya ɗaga tasa bindigar. Tau! a ƙeyar Sanƙo. Auta ya saki bel, ya kama marfin ƙofa yana ja, yana ja, ƙofar da ba za ta buɗu ba. Shiru ya juya masa bakin bindigar. Tau!

Sannan ya juyo kan Tela, karo na farko da Tela ya ji muryarsa.

"Kai zauna, su sami abin kamawa."

Ya fasa gilashi da gindin bindiga, ya sulale da jaka, ya kama hawan tudu.

"Auta! Auta!"

Jini na bulbulowa ta rigar Auta. Leɓunansa na motsi, Tela ya kai kunne.

"Wayarsa... Dogo... da babban yatsansa take buɗewa. Yi sauri, Yaya."

Tela ya cusa hannu a aljihun Sanƙo, ya zaro wayar. Ya kamo hannun gawar, ya danna yatsan. Ta ƙi. Jini ne ya ɓata shi.

"Kai na cikin mota! Hannu sama!"

Ya goge yatsan a rigarsa, ya sake dannawa. Ta buɗe! Sunaye na gudu a gabansa. Dogo. Ya danna. Kira bai shiga ba, babu sabis a cikin kwarin.

"Hannu sama ko mu harbe ka!"

Bindigogin 'yan sanda suka tashi, daga kan tudu Shiru ya gangaro da ka, jaka ta fashe, sarƙoƙi suka watse a yashi. Tela bai ko kalla ba. Ya tura ƙofa, ya taka kujera, ya miƙe a kan dokin ƙofar, ya ɗaga wayar sama iya tsawon hannunsa.

"Yar da abin da ke hannunka!"

"Ku harbe ni, amma ku bari ta shiga! Don girman Allah ku bari ta shiga!"

Ɗit... ɗit... sai ƙarar shiga, sau ɗaya. Ya katse. Gindin bindiga ya sauka a bayansa, ya faɗi da fuska a yashi. Yana kwance yana faɗa wa Sajan layin gidansa da launin ƙofa, yana maimaitawa, har aka sa masa ankwa. Da suka buɗe ƙofar baya ta waje, da yatsa ɗaya ta buɗu. Auta ya riga ya cika.

Tela ya kwana a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, bai san ko kiran ya isa ba. Duk ɗan sandan da ya gifta sai ya tambaye shi, a ce masa ya rufe wa mutane baki. Sai da hantsi aka fito da shi, aka ce yana da baƙi.

Ta tagar ofishin ya fara hango motar, an jawo ta an yar a fili, ba gilashi, yashi har cikin fitila. Sannan ya ga wata 'yar yarinya ta saki hannun uwarta ta ruga wurinta.

"Mama, ga motarmu! Ga takalmina a ciki!"

Tela ya durƙushe a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Matarsa ta shigo ita kaɗai, idanunta sun kumbura. Ta ce Dogo na ganin kiran ya miƙe ya fita, ko ƙofa bai rufe ba. Ta ce daga nan asibiti za ta, karɓo gawar Auta. Sajan ya riga ya gaya wa Tela cewa shi direban fashi ne a idon hukuma, sai abin da alƙali ya gani.

Can ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Baban Hajiya, an ce a yashi ta maƙale. Yaya aka yi ta maƙale?"

"Biyu ce," ya ce. "Tun bara biyu ce."

Ta daɗe tana kallon motar ta taga.

"Ka san wa ya ba Auta labarinta?" ta ce. "Ni ce. Ya zo gaishe ni, na ce masa motar mijina babu inda ba ta shiga. Har da dariyata na faɗa masa."

Ta gyara mayafi, ta fita ta kama hannun yarinyar. Tela ya bi su da kallo har bakin ƙofa, Hajiya Ƙarama na ta waiwayen motar, takalmin ƙafa ɗaya a hannunta.