Baƙin Ragon Cocin Marienau

Da safiyar Juma'a aka tarar babu baƙin ragon coci a garkensa da ke bayan majami'ar Marienau. Sauran tumakin suna nan cif, ƙofar kuma a ɗaure da igiya. Kafin hantsi har mazan gari sun kama Mgidi, Bazulun da ke kiwon tumakin, sun ɗaure shi a rumbun masara.

Haka muke, mu Jamusawan da muka sari dajin nan na Natal muka kafa gari. Mun gina coci tun ɗakunanmu ba su da rufin kirki, amma in abu ya ɓata, ba ma duban junanmu sai mun gama duban Bazulu. Ragon kuwa na kowa ne, don barbarar tumakin gari aka kawo shi. Aka yanke cewa ranar Litinin za a kai Mgidi gaban majistare. Kowa ya san abin da ke jiransa: bulala, kurkuku, a kuma tashi matarsa da 'ya'yansa daga filin da suke zaune.

Cord Tewes, dattijon coci, shi ake kira in rigima ta tashi. Bai nemi aikin ba. Ciyawa ta ci masararsa, bayansa na ciwo, ya kuma gaji da shari'ar iyakar gona da ta kajin da suka shiga lambun maƙwabci. Ya ce a ba shi zuwa Lahadi.

Ya fara da rumbu.

"Mgidi, ina ragon?"

"Maigida, da na sani, da ba ka same ni a nan ba."

"An ce an ga hayaƙi a gidanka."

"Gidan wa ba a ganin hayaƙi? Je ka buɗe tukunyar matata. In nama nake so, ga tumaki masu kitse, sai in ɗauki wannan tsohon mai wari? Kare ma sai ya yi shawara."

Cord ya je ya buɗe tukunyar, kabewa ce a ciki. Ya dawo garke ya tsuguna gaban ƙofa. Ba irin ƙullin Mgidi ba ne a igiyar. Murɗi ne aka soke kansa ta ƙasa, yadda matanmu ke ɗaure damin hatsi a can gida. Ɓarawon dai namu ne, kuma mai tausayin tumaki, tunda bai bar su sun watse ba.

Sai ya nufi wurin Lüder Behn, wanda ya taɓa sayar da garmar maƙwabcinsa ya sha giya.

"Ɗan'uwa Lüder, ka san abin da ya kawo ni."

"Garmar nan dai? Aro na yi, Cord, mantawa na yi ba tawa ba ce."

"Rago nake tambaya."

"In sayar wa wa? Kogi ya cika, ba keken shanun da ya ƙetaro tun makon jiya." Ya ɗaga bargo ya nuna ƙafar da sa ya taka masa, ta kumbura suntum. "Ni da ko makewayi da rarrafe nake zuwa?"

Gaskiyarsa. Cord ya fita bai ko yi sallama ba.

Ranar Asabar da azahar ya zauna gidan Fasto Oltmann yana shan kofi, ba shi da kowa a hannu. Hira ta kai su ga Hinnerk Lührs, tsohon da tarin fuka ya kwantar. Shi da matarsa Gesche ba su cika shekara da saukowa daga jirgi ba.

"Ba zai kai ƙarshen wata ba," in ji Fasto. "Shi zai buɗe mana sabuwar maƙabartarmu ta gefen coci, mu huta da jigilar gawa zuwa maƙabartar mishan a ƙetaren kogi. Matarsa ta hana ni sakat, wai dole a kai shi mishan, ko kogi ya cika. Jiya da safe kuma ta zo ta ce a bar shi a nan. Ubangiji ya sanyaya mata zuciya."

Cord ya ajiye kofin bai shanye ba. Ya kewaya coci a hankali, yana duban ƙasa. A gefen arewa, gindin bango, ya ga wani ɗan fili mai kusurwa huɗu inda ciyawa ta bushe rawaya, alhali ko'ina kore ne shar. Ya soka sandarsa ta nutse. Ya tona kaɗan da hannu, sai ga baƙin gashi.

Ya sami Gesche a ƙofar ɗakinta tana wanke tsummoki. Daga ciki ana jin tarin Hinnerk.

"Iya Gesche, sannu da jinya."

"Yauwa, Cord. Shigo ka gan shi."

"Wurinki na zo. Da me kika jawo ragon?"

Ta ci gaba da matse tsumma. Can ta ce, "Da gishiri. Rago bai da wayo. Yanka kuwa tun ina budurwa nake yanka alade." Ta ɗago kai. "Wa ya gan ni?"

"Ba kowa. Ƙullin ƙofa na mata ne, na masu ɗaure dami. Sannan ke da kika rantse sai mishan, rana ɗaya kika haƙura, ranar da rago ya ɓata. Sai kuma ciyawa. Kin yanko ta kin mayar da kyau, kamar yadda ake yi a gida, inda arewa da coci inuwa ce, ba mai bi, ciyawa takan kama. Nan rana ta arewa take bi, Iya. Mu da muka daɗe mun sani. Sabon zuwa ne kawai zai ɓoye abu a wurin da ya fi ko'ina zafi."

"Kai ma kakarka ta gaya maka," in ji ta. "Wanda aka fara binnewa a sabuwar maƙabarta ba ya hutawa, shi ke gadin sauran har tashin ƙiyama. Shi ya sa ake fara sa baƙar dabba a arewa da coci. Mijin nan nawa tun yana yaro yake noma gonar wani, Cord. Ya ƙetaro teku da tari a ƙirji don ya mutu a tasa. Sai kuma a ce ko a kabari ba zai miƙe ƙafa ba?"

"Kin san Mgidi yana ɗaure."

"Na sani. Na kai masa burodi."

"Burodi ba ya hana bulala, Iya."

Tausayinta ya kama Cord, haushinta ma ya kama shi, ya rasa wanda ya fi. Ya ce ko ta faɗa da bakinta gobe, ko shi ya faɗa.

Da aka tashi sujada ranar Lahadi, Gesche ta miƙe a layin mata ta faɗi komai, ba ta rage ba. Mazan da suka fi kowa zaƙewa wajen ɗaure Mgidi suka koma kallon takalmansu. Fasto Oltmann ya ce wannan camfi ne, a je a tono ragon. Ba wanda ya tashi ɗauko shebur, don kowa a ɗakin nan yana da kaka.

Cord ya tafi rumbu shi kaɗai ya kwance igiyar. Ya gaya wa Mgidi wadda ta ɗauki ragon, da dalilinta. Mgidi ya daɗe yana murza wuyan hannunsa.

"Wato ta yanka wa mijinta rago don ya kwanta lafiya."

"Haka ne."

"Bara da na yanka wa marigayi ubana akuya, Fastonku ya tsaya a kan dandamali ya kira mu arna."

Mgidi ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe ƙaiƙayin masara daga jikinsa, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya juyo.

"Ni dai, Maigida, akuyar tawa ce."