Na Huɗun Da Ba Ya Harbi

Jikana Abbagana ne ya fara ba ni labarin nan, zaune a bakin tabarmata, murya a dishe. Da shi abin ya faru.

Gidan gem yake da shi, inda yara ke biya su yi wasan bidiyo, a Sabon Layi nan Mubi, kuma ya kusa mutuwa, don yaran yanzu kowa da wayarsa. Sai ya sayar da babur ɗinsa ya sayo wani wasan harbi: ka sa tabarau mai rufe ido ruf, ka riƙe bindigar roba, ka gan ka tsakiyar yaƙi. Biyu-biyu ake karawa. Ya kama wani tsohon sito da ba wanda ya buɗe tun shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari muka gudu daga Mubi, ya kafa manyan lasifika, wai ƙarar ta jawo mutane.

Ran gwaji ya je sayo fetur, bai dawo ba sai almuru. Abokinsa Aaron na jira, da Purity ƙanwar Aaron ɗin. Uku ke nan, saura ɗaya. Abbagana ya yi yadda masu gem suka saba in ba a cika ba, ya leƙa ƙofa ya ɗaga murya: "Wanda ke kusa ya zo ya cike mana!"

Mu a gidanmu ba a kira da almuru sai da suna. Na sha gaya masa. Kunnen ƙashi gare shi.

Ba wanda ya amsa. Ya tada janareta, suka sa tabarau. Purity ta ce, "Oga, yau sai ka kira kakarka ta cece ka."

Harbi ya cika ɗakin, har kwanon rufi na karkarwa. Can Abbagana ya ga mutum na huɗu a ɓangarensa cikin wasan. Ya ɗauka wani ne ya shigo, ya ji daɗi. Amma mutumin bai harba ko sau ɗaya ba. Kusurwa ya nufa ya tsugunna, hannu bisa ka.

"Malam, yi harbi mana," in ji Abbagana.

Sai wari ya taso, ba na fetur ba. Warin mutum ne da ya daɗe a rufe, ba wanka, ba fita ko bayan gida.

Aka ja ƙafar wandonsa.

"Yaya, kwanta," aka raɗa masa. Ba ta lasifika ba. Numfashin a kunnensa yake, sanyi ƙalau. "Za su gan ka."

Aka fizgo shi ƙasa. Ya buɗe baki zai kira Aaron, hannu ya rufe masa baki da hanci. Busasshe, kamar itace.

"Yi shiru don Allah. Suna ƙofa."

Ba mugunta a muryar. Kuka ma take. Ceton sa ake yi, shi kuma numfashinsa na ƙarewa.

Su Aaron ido a rufe, suna ta dariya.

Ya yi shure-shure. Ƙafarsa ta sarƙe da waya, ta tsinke. Komai ya ɗauke.

Hannun ya ɗan saki.

"Sun tafi?"

Abbagana da rarrafe ya fita.

Aaron ya rantse ba wanda ya shigo, bindiga ta huɗu ma tana nan rataye a ƙusa. Abbagana ya ce min, "Kaka, in na rufe na rasa komai. In na buɗe, gobe bakin ɗan wani zai toshe."

Ni ba malama ba ce. Aljani ne ko mene ne, ban sani ba. Amma tambayar nan na san ta, ni ma na yi ta a waccan shekara, kwance cikin gonar dawa.

Washegari na sa hijabi, na tasa shi gaba har siton. Na sa ya kwance lasifikan nan duka ya fitar. Na wangale ƙofa, na ce, "Ɗana, sun tafi. An daɗe, har kasuwa na ci. Fito ka je gida."

Na matsa gefe, na ba shi hanya.